Baba Kumatu da Murhun da Ke Jan Iskarsa

Akwai mutanen da Allah ya ba baiwa iri-iri har suka rasa wadda za su fara ci da ita. Baba Kumatu guda ɗaya tak aka ba shi, kuma a fuska aka manna masa ita, inda ba ta ɓoyuwa. Ya iya hura wuta. Ba irin hurawar da kowa ke yi ba, a yi fuu sau biyu a ja da baya ana hawaye ana zagin mai itace. Shi idan ya durƙusa gaban murhu, ya dafa ƙasa da hannu bibbiyu, ya rufe ido ya ja numfashi, sai kumatun nan su tashi su cika har kunnuwansa su matsa baya su ba su wuri. Ko daga cikin kwata aka tsamo itacen, sai ya kama.

An ce ranar da aka haife shi sai da ungozoma ta sa yatsa ta duba bakinsa, tana zaton ya taho da guzuri. A firamare malamin wasanni ya ba shi usur ya hura don a fara tsere, ɗan ƙwallon da ke cikin usur ɗin ya yi tsalle ya fita, ya sami hedimasta a ƙeya. Tun daga ranar ba a sake ba shi wani abu mai rami ya riƙe ba.

Ban da wannan, a faɗi gaskiya ko ba daɗi, bawan Allah bai iya komai ba. Idan ya buga ƙusa, ƙusar ta lanƙwashe, bangon ya tsage, babban yatsansa ya kumbura, hoton kuma yana nan a ƙasa inda yake. Idan aka aike shi kasuwa sayen gishiri, sai ya dawo da labarin wanda ya gani a hanya. Ya yi aikin masinja a wani ofishi tun yana saurayi har ya yi ritaya, yana kai takardu daga wannan tebur zuwa wancan, kuma har ya bar wurin akwai takardun da ba a san inda suka shiga ba. Ba a kore shi ba saboda ba ya faɗa da kowa, kuma idan aka ciro tsohon fayil daga sito, fuu ɗaya yake yi masa ya koma sabo.

A bayan ofishin nan akwai rumfar wata mai abinci, 'yarta ke taya ta girki. Wata rana da damina ruwa ya kwana yana zuba, itace ya jiƙe sharkaf, ma'aikata sun tsaya riƙe da kwanoni suna hamma, ita kuwa budurwar tana ta fifita da murfin tukunya tana zuba wa murhun baƙaƙen maganganu. Masinja ya ajiye takardun da aka ce masa na gaggawa ne, ya durƙusa cikin taɓo da kakinsa, ya hura. Wuta ta tashi bal, ta tafi da girarsa duka biyu. Budurwar ta dube shi, ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Da ta samu numfashi ta ce, "Gobe ma ka zo." Ya zo gobe, ya zo jibi, har uwar ta gaji ta ce ko ya turo manyansa ko ya riƙa biyan kuɗin benci. Wannan budurwar ita ce yau duk unguwa ke kira Iya.

Iya gajeriyar mace ce mai zafin nama, irin waɗanda kafin ka ce "bari in" sun gama. Ita ke buga ƙusar da ya lanƙwasa. Ita ke gyara famfo, ita ke ɗinke aljihu, ita ke tuna wanda za a je wa gaisuwa da wanda ake fushi da shi. Duk abin da mijinta ya miƙa hannu zai taɓa, amsarta ɗaya ce: "Bari, zan yi." Ba da raini take faɗa ba, tausayin kayan gidan take ji. Abu ɗaya ne kawai a duniya take kiransa a kai. Safe da yamma, daga kicin ɗinta da ke ƙarshen tsakar gida, ɗan ɗaki mai taga ɗaya da rufin kwano da ya yi baƙi ƙirin, kunkunniya na reto daga sama, sai muryarta ta fito:

"Malam, wutar nan."

Ko me yake yi sai ya sake shi. Ya taɓa barin baƙo da hannu a miƙe. Ya taɓa tashi daga kujerar Mai Aski, abokinsa na ƙuruciya da ke da shago a bakin layi, da rabin kai a aske, ƙyalle a wuya, don iska ta kawo masa muryar. Mazan unguwa sun yi masa tsiya har sun gaji. Shi bai taɓa jin kunya ba. A ransa, duk wanda ya ci abincin gidan nan shekara arba'in da wani abu, numfashinsa ya ci, kuma 'ya'yansa da suka girma suka watsu gari-gari, shi ya hura su.

Ba yau aka fara yi wa aikinsa barazana ba. Shekarar da aka haifi ɗansu na biyu risho ya shigo gari, kowace mace sai ta mallaki nata, kore mai lagwani. Iya ma ta saya. Baba Kumatu ya fara ramewa, sai Allah ya dube shi kananzir ya yi wuya, layi ya miƙe daga gidan mai har ya sha kwana, risho ya koma saman kabad ana ajiye zare da allura a cikinsa. Da gawayi ya shigo kuwa, zamaninsa ne ya zo. Gawayi ɗan son a lallashe shi ne, har maƙwabta kan aiko a tambayi Iya ko za ta ba da aron Malam na ɗan lokaci. Babban ɗansu ya aiko da murhun lantarki, wannan ko a jikinsa, don ya san halin wutar unguwarsu: ana ɗora wake za a ɗauke ta, waken ya tsufa a tukunya. Surukinsu ya kawo tukunyar gas, ya kunna sau ɗaya ta yi buf, Iya ta fice tsakar gida ba takalmi, ta rantse ba za ta zauna ɗaki ɗaya da abin da ke huci ba. Har yau tukunyar na nan a bakin ƙofa, a jikinta ake ɗaure akuya. Duk sun zo sun wuce, duwatsu uku na nan, Baba Kumatu na nan.

Abin da ya ci shi da yaƙi tari ne, kuma ba nasa ba. Iya ta daɗe tana tari, har mutanen gida sun daina ji, kamar yadda ake daina jin agogon bango. Sai Auta, 'yarsu ta ƙarshe da ke aikin jinya a wani gari, ta zo hutu. Ta saurara kwana biyu, ta ɗaure fuska, ta tasa uwar a gaba sai asibiti. Aka ɗauki hoton ƙirji. Likita ya ɗaga hoton ya daɗe yana kallo, sannan ya tambayi Iya kara nawa na sigari take sha a rana. Da Auta ba ta riƙe jakar Iya ba, da likitan nan ya sha ta a ka. Da aka lallashe ta, ya ce to hayaƙin girki ne, huhunta ya gaji, kuma idan ana son ta daɗe, a raba ta da shi.

Auta ba ta koma bakin aiki ba sai da ta kawo wata mata daga wata ƙungiya mai raba sababbin murahu. Matar ta zo a kan babur, da hular kwano a kan ɗankwali, ga kwali ɗaure a baya. Kafin ta sauka yaran layi sun raɗa mata suna Malamar Murhu. Ta buɗe kwalin a tsakar gida ta fito da wani abu kamar bokiti, ƙarfe a waje, yumɓu a ciki, da hannaye biyu. A gindinsa akwai 'yar ƙofa da ake tura ƙirare, a ƙarƙashinta kuma wani rami. Ta yi bayani mai tsawo, wai ɗan itacen da bai cika hannu ba ya isa girkin rana, wai hayaƙinsa kaɗan ne, wai ana ta sare itatuwa daji na ƙarewa. Baba Kumatu ya zagaya abin sau biyu da hannu a baya.

"Yarinya, ta ina ake hurawa?"

"Ai ba a hurawa, Baba. Shi ne daɗinsa. Ka ga ramin nan na ƙasa? Ta nan yake jan iskarsa da kansa."

"Da kansa."

"Da kansa. Mama ta huta, kai ma ka huta."

"Na ce miki na gaji ne?"

Malamar ta yi dariya, ta ɗauka wasa yake. Ta jera ƙirare, ta ƙyasta ashana. Shi kuwa don sabo ya riga ya durƙusa, ya dafa ƙasa, ya cika kumatu, yana jiran abin ya ji kunya. Wuta ta kama ta miƙe tsaye zar, ba ko tari. Ya rasa inda zai kai iskar da ya tara. Ya yi ƙoƙarin sakinta a hankali ta gefen baki don kada a lura, sai ta fita da wani dogon sauti mara kyan ji. Kowa ya juya ya kalli akuya, don mutunci.

Daga ranar gidan ya canza masa. Da safe sai ya zauna a bencin tsakar gida, kunnensa na kicin. Ya ji motsin tukunya, ya ji ƙyas na ashana, ya gyara zama, ya jira. Shiru. Can sai ƙamshi. Da yamma ma haka. Abinci na zuwa da wuri, bangon kicin ya daina zubo baƙi, tarin Iya ya fara raguwa, kowa na murna. Shi ma ya yi murna, don ba mugu ba ne. Amma abin ya yi masa ciwo, ciwo na gaske. Matarsa na nan, tana gaishe shi, tana ajiye masa kwano, amma ta daina kiransa, kuma ya duba ko'ina a jikinsa bai ga wani abu da za a kira shi a kai ba.

Ya fara da kushe.

"Iyan yara, abincin nan ba shi da ƙamshin da."

"Ƙamshin da hayaƙi ne, Malam. Ka ci."

"Kuma ya yi saurin dahuwa. Abin da ya dahu da gaggawa ba ya zama a ciki."

"To ka ci a hankali."

Da ya ga ba riba, ya fita neman aiki a waje. Maƙwabtan da ke aronsa a da duk sun karɓi bokitin Malama. Mai shayi ya koma gas. Ya taka har wurin maƙeri, ya tarar ya ɗaura wata 'yar fanka a jikin batirin mota tana yi masa zugar, shi kuma yana zaune yana danna waya. A ƙarshe Mai Aski ya ji tausayinsa, ya ce ya riƙa hure gashi daga wuyan waɗanda aka gama yi wa aski. Mutum na farko hularsa ta tashi ta faɗa kwata. Na biyu gashinsa ya ƙetare shago ya sauka a kofin shayin wani da ke jiran layi. Kafin rana ta yi tsaka an sallame shi daga aikin da ba a biya.

"Kumatu, ban gane maka ba," in ji Mai Aski yana kakkaɓe ƙyalle. "Mu nan ɓuya muke zuwa yi kada a kira mu. Kai Allah ya 'yanta ka kana zaman makoki."

"Kai ana kiranka don wasu abubuwan."

"Ana kirana in kashe kyankyaso."

"To ka gani. Ni ko kyankyason ita ke kashewa."

A hanyar komawa gida dabara ta zo masa, kuma da yake bai saba samun dabara ba, bai tsaya duba ta ba. Washegari da Iya ta shiga wanka, ya ɗauki almakashinta ya yanki ƙyalle daga ƙafar tsohon wandon kakinsa na ofis, wanda yake sawa a gida. Ya jiƙa shi, ya dunƙule, ya tura can cikin ramin da murhun ke jan iska, ya danna da tsinke. Ya koma benci ya zauna kamar bai san komai ba. Ya ji ƙyas. Ya sake jin ƙyas. Hayaƙi ya fara leƙowa ta taga. Sai muryar Iya ta fito:

"Malam, wutar nan."

Takalminsa ɗaya a tsakar gida ya bar shi. Ya durƙusa, ya rufe ido, ya hura ta ƙofar ƙirare har wuta ta kama dole. Ranar ya ci kwano biyu, ya ce abinci ya dawo hayyacinsa.

Matsalar ita ce ƙyallen ba ya kwana. Zafi kan busar da shi ya cinye, don haka kowane girki sai sabo. Kuma ƙafar hagu kawai yake yanka, don a lissafinsa ba mai kallon ƙafar hagun mutum. Wandon ya bar idon sawu, ya hau ƙwauri, ya kama hanyar gwiwa, ƙafar dama na nan har ƙasa tana sharar gida.

Auta ta buga waya ta ji tarin ya dawo, ta tayar da hankalin Malamar Murhu. Malama ta zo, ta kunna murhu da hannunta, ya kama lafiya lau, don Baba ya ji ƙarar babur bai sa komai ba. Ta tafi. Aka sake kiranta. Ta canza musu da wani sabo fil. Shi ma ya kwana biyu ya kamu da ciwon ɗan'uwansa. Ta dawo ta shinshina ƙirare, ta matsar da murhun kusa da taga, ta matsar da shi nesa da taga, ta lashi yatsa ta ɗaga sama don ta ji ta inda iska ke zuwa. Daga baya ta cire hular kwano ta zauna a kan turmi ta dafe kai.

"Mama, duk gidajen da na raba wa, nan ne kaɗai. A ofis har an fara cewa ko ni ce ban iya bayani ba."

Iya ta ce, "Allah ya kyauta," tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba.

"Ba laifinki ba ne, yarinya," in ji Baba Kumatu cikin muryar manya. "Iskar gidan nan ce. Tun da can haka take, ba ta son a ja ta, sai dai a tura ta."

Baiwar Allah ta gaji har ta fara gyaɗa kai. Sai idonta ya sauka a kan ƙafarsa.

"Baba, wandon fa? Sabon yayi ne?"

"Gwiwar ce ke son shan iska."

Ta tafi tana magana ita kaɗai a kan babur.

Da abin ya tsaya a nan, da har yau ana fama. Amma duk mai hura wuta ido rufe yake yi, kuma ƙarar numfashinsa ke cika masa kunne. Baba Kumatu tun daga rumfar mai abinci bai taɓa buɗe ido yana hurawa ba. Wata safiya ya durƙusa kamar kullum, hayaƙi ya cika kicin, ya tara iska, sai wani cinnaka da ya ga tsirarar ƙwauri a ƙasa ya ce ga rabo. Ya gantsara masa cizo. Baba ya buɗe ido ya waiga, kumatu a cike.

Iya na bayansa a bakin ƙofa. Ta riƙe katakon ƙofar da hannu ɗaya, ta sunkuya, ɗaya hannun ya danne bakinta da gefen ɗankwali. Tari take yi, amma tana haɗiye shi don kada ya fito, duk jikinta na girgiza, idanunta sun yi ja. Ya ga yadda ta ƙanƙance. Ya ga kuma cewa duk hayaƙin da yake turawa daga gaba, ta bayansa yake fita, daidai inda take tsaye tana jiran ya gama.

Iskar ta fice daga bakinsa ba tare da ya sani ba. Ya sa yatsu cikin ramin, bai nemi tsinke ba, ya jawo ƙyallen yana turiri. Yatsun suka ƙone, bai ji ba. Murhun ya ja numfashi, wuta ta miƙe, hayaƙi ya fara washewa. Ya riƙo Iya ya fito da ita tsakar gida ya zaunar a benci, ya kawo ruwa, ya zubar da rabi a hanya. Ya tsaya a gabanta da baƙin ƙyalle a hannu.

"Ni ne nake sawa."

"Na sani," ta ce, bayan ta kurɓi ruwan.

"Tun yaushe?"

"Malam, wa ke wanke wandon nan? Kuma almakashina kullum a jiƙe nake samunsa. Na ce idan ya kai cinya zan yi magana, saboda baƙi."

"Kin sani, kika riƙa kirana?"

"To in bar ka kana zagaye gida kamar kazar da aka kwashe wa ƙwai? Ka daina cin abinci. Mai Aski ya ce har hular mutane kake jefawa a kwata." Ta share ido da ɗankwali. "Tarin ai na saba da shi."

Wannan maganar ta ƙarshe ita ta karya shi. Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi. Kunya da tsoro suka rufe shi lokaci ɗaya, tsoron da bai taɓa ji ba ko ranar da aka dawo da ita daga asibiti. Ya jefa ƙyallen cikin toka.

"Kada ki sake kirana don wuta," ya ce. "Ko ta mutu, ki bari ta mutu."

Ya shiga ɗaki ya cire wandon, ya miƙo mata ta bayan labule ya ce ta yi tsumma da shi. Iya ta buga wa Malamar Murhu waya ta ce murhu ya warke. Malama ta tambayi me aka yi masa. Iya ta ce ba komai, sabawa ya yi da gidan.

Ya cika alkawari, amma ba da sauƙi ba. Ya juya bencinsa ya ba kicin baya, ya kunna rediyo don kada ya ji ashana. Tarin ya sake lafawa, kuma duk lokacin da ya lura da haka sai ya gode wa Allah da gaske. Sai dai godiya ba ta cika yini. Yakan zauna hannu a cinya yana kallon akuya, akuya na kallonsa. Ya yarda a ransa cewa an gama da shi, abin da ya rage a ba shi abinci a gaishe shi har ranar da za a daina.

Wata yamma lokacin girki ya yi, bai ji motsin tukunya ba. Ya rage rediyo. Sai ya ji nishi da jan takalmi. Ya waiga, ga Iya ta rungumo murhun ta hannayensa biyu tana tahowa da shi kamar mai ɗauke da jika. Ya zabura zai karɓa, ta kauce, don ta san abin da ke faruwa da kayan da suka shiga hannunsa. Ta dire shi daidai gaban bencin. Ta koma ta kawo tukunya, ta kawo ƙirare da ludayi. Ta ƙyasta ashana, wuta ta kama, ta zuba shinkafa ta rufe.

"Lafiya?" ya tambaya. "Kicin ɗin ya yi wani abu ne?"

"Ya yi mini shiru."

Ta tsaya riƙe da ƙugu tana kallonsa. Ta daɗe har ya fara shafa haɓa ko wani abu ya maƙale.

"Me kike kallo?"

"Kai. Ashe haka fuskarka take idan ba iska a ciki. Duk shekarun nan in dai muna kusa haka, ko hayaƙi ya tare ni, ko kumatu." Ta karkata kai. "Ba laifi. Hancin ne dai ban yi zaton haka yake ba."

"To me zan yi?"

"Ba komai."

"Ko in riƙe miki murfi?"

"Ka bar mini murfina lafiya."

"Ba ki da abin da kike so in yi, kika kwaso kaya kika zo nan?"

"Sai da aiki ake zuwa wurin mutum? Matsa."

Ya matsa. Ta zauna a rabin bencin, kafaɗarta a jikin tasa. Murna ta cika Baba Kumatu har ta ba shi kunya, ya sunkuyar da kai yana kallon ƙafafunsa. Ta fara ba shi labarin surukar maƙwabciya, ya ba ta na mutumin da hularsa ta faɗa kwata, ta yi dariya har ta riƙe ciki, kuma dariyar ta ƙare ba ta koma tari ba. Sabon murhu ba ya jiran kowa. Ƙauri ya tashi ya cika tsakar gida, akuya ta yi atishawa. Iya da ba a taɓa jin girki ya kama a hannunta ba ta shinshina, ta kalli tukunyar, ta kalli mijinta.

"Ta ƙone," ya ce.

"Na ji," ta ce. "Ƙarasa mini labarin tukuna."